Karatun Ilmin Gini da Duba Gine-gine: Bayani ga Iyaye, Ɗalibai da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomin Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

A duk lokacin da muka fita rangadin wayar da kan jama'a a ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, tun daga Dingaya har Sara, Kila, Basirka da Fagam, akwai tambayar da iyaye ba sa rasa yi mana: yaro ya gama sakandare, ko yana gab da gamawa, wane karatu zai yi wanda zai riƙe kansa da shi? Likita da lauya da injiniya su ne a bakin kowa. Da wuya a ambaci ilmin gini, in kuwa mu muka ambata sai a yi murmushi a ce mana ai gini ba a jami'a ake koyonsa ba, a bayan magini ake koyo, da kwanon sarki a ka.

Akwai gaskiya a wannan magana, amma ba ta cika ba. Jera bulo da yin filasta a hannun magini ake koyonsu. Amma sanin ko ƙasar da za a aza harsashi a kanta za ta ɗauki nauyin ginin, da sanin ko rodin da aka kawo shi ne wanda zane ya ce a sa, da tsara aikin mutum hamsin yadda ba za a yi asarar siminti ko ta rai ba, wannan karatu ne na shekara biyar a jami'a, kuma akwai dokar ƙasa da ta tsara wanda zai yi shi. Mun shirya wannan bayani ne domin iyaye da ɗalibai su san hanyar, kuma domin kansiloli, hakimai, dagatai da ma'aikatan sashen ayyuka su san irin mutumin da ya kamata su nema kafin a sa hannu a kan takardar kammala aiki.

Wane ne masanin gini?

A wajenmu duk wanda ya sa hular kwano ya tsaya a bakin gini sunansa injiniya. A doka ba haka abin yake ba. Sana'o'i bakwai ne suke haɗuwa a kan harkar gine-gine a Nijeriya, kowace da majalisar da ke yi wa 'ya'yanta rajista. Akwai mai zanen gini, wanda yake fitar da siffar gida da ɗakunansa a takarda, majalisarsu ita ce ARCON wadda aka kafa a 1969. Akwai injiniya, wanda yake lissafin ƙarfin ginshiƙai da yawan rodi da kaurin kankare, yana ƙarƙashin COREN ta 1970. Akwai mai ƙiyasin kuɗin gini, wanda yake ƙirga kowane bulo da kowane buhu ya sa musu farashi. Sai safiyo mai auna fili ya kafa duwatsun iyaka, da mai tsara birane, da mai kimanta darajar gidaje da filaye.

Na bakwai shi ne wanda wannan bayani ya shafa, wato masanin gini, wanda a wurin aiki ake kira bilda. Aikinsa shi ne ya karɓi zanen mai zane da lissafin injiniya, ya nazarce su ya ga ko za su ginu yadda aka zana, sa'an nan ya tsara yadda za a yi aikin tun daga haƙa harsashi har zuwa miƙa makulli. Shi ke tsaye a wurin kullum. Mai zane yakan leƙo ya tafi, injiniya yakan zo ranar zuba kankare, amma wanda zai amsa tambaya in abin da ke ƙasa ya saɓa wa abin da ke takarda shi ne masanin gini.

Majalisar da ke yi musu rajista sunanta CORBON, an kafa ta da Doka mai lamba 45 ta 1989. Ƙungiyarsu kuwa ita ce Cibiyar Masana Gini ta Nijeriya, NIOB, wadda ta fara a 1967 a matsayin reshen wata cibiya ta Ingila, ta tsaya da ƙafarta a 1970. Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa da aka fitar a 2006 ya ɗora wa masanin gini mai rajista shirya wasu takardu kafin a fara aiki: jadawalin aikin, tsarin tabbatar da inganci, da tsarin kare lafiya da rayukan ma'aikata. Kundin na tarayya ne, kuma ƙarfinsa a kowace jiha ya rataya ne a kan yadda jihar ta shigar da shi cikin dokokinta.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa

Masu ganin duba gini ɗabi'ar Turawa ce sun manta da sarautar Sarkin Magina. A manyan biranenmu shi ne shugaban masu sana'ar, shi ke tara su in aikin fada ko na masallaci ya taso, shi ke raba aiki, kuma shi ke ganin an yi shi yadda ya dace. Mafi shahara a cikin maginan ƙasar Hausa shi ne Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Da tubali da azara ya ɗaga bakuna masu faɗin da har yau masana daga ƙasashen waje suke zuwa kallo. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a Jihar Bauchi, maƙwabciyarmu, shi ma ga Babban Gwani ake danganta shi, kuma yana cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta keɓe.

Magabatan nan sun san wace ƙasa ce take yin tubali, sun san kwana nawa ake barin ta ta ruɓa da ciyawa, sun san azara giginya take so domin gara ba ta cinta, sun san makuba da katsi wajen kare bango daga ruwa. Abin da ya canza shi ne kayan aiki. Soron ƙasa yakan nuna alama kafin ya fāɗi: ya tsage, ya yi yoyo, azara ta lanƙwasa. Kankare kuwa yana ɓoye aibinsa. Da zarar an zuba shi an shafe, babu mai iya ganin rodi nawa ke ciki, kuma dakin da aka cuce shi kan zauna shekaru lafiya lau sa'an nan ya rufto a rana ɗaya.

Abin da rashin dubawa ya jawo

Ranar 12 ga Satumba 2014 masaukin baƙi na wata majami'a a Legas ya rushe, mutum 116 suka mutu. Ranar 13 ga Maris 2019 wani bene mai makaranta a cikinsa ya fāɗi a unguwar Ita Faji ta Legas, abin da ya sa NIOB ta mayar da 13 ga Maris ranar tunawa ta masu sana'ar gini a kowace shekara. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a Ikoyi ya zube, fiye da mutum 40 suka rasu. A Arewa ma ba mu tsira ba. A ƙarshen watan Agusta 2022 benen shaguna da ake ginawa ya rufta a titin Beirut da ke Kano, sa'an nan ranar 12 ga Yuli 2024 makarantar Saints Academy ta Jos ta fāɗa wa ɗalibai suna cikin aji, aka rasa rai 22.

Wani zai ce wannan matsalar birni ce, mu nan ba mu da bene mai hawa 21. Haka ne, amma muna da namu. A daminar 2022 ambaliya da mamakon ruwa sun kashe fiye da mutum 100 a Jihar Jigawa, kuma da dama daga cikinsu gini ne ya danne su suna barci. Kudancin jihar, wato yankinmu, ya fi arewacinta samun ruwan sama. Ƙasarmu kuma ba iri ɗaya ba ce: wani wuri dutse ne a kusa, kamar yadda duk wanda ya san Birnin Kudu ya sani, wani wuri yashi, wani wuri kuma laka ce ta fadama mai kumbura da damina ta tsage da rani. Harsashin da ya isa a kan tudu ba zai isa a bakin fadama ba. Ga kuma azuzuwa da ɗakunan shan magani da rumfunan kasuwa da kwalbatoci da ake ginawa da kuɗin jama'a a kowace shekara. Tun da aka yi Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004 ake ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya domin ilmin matakin farko, kuma babban kaso na wannan kuɗi a ginin azuzuwa yake ƙarewa. Kowane aji daga cikinsu akwai wanda ya sa hannu ya ce an gina shi daidai.

Mun taɓa raka wata tawagar duba ayyuka zuwa wani ƙauye da aka gina ɗakunan karatu uku. Fenti ya yi kyau, har an rataya allo. Wani dattijo a cikin ma'aikatan, wanda ya yi babbar difloma a ilmin gini, bai ko kalli fentin ba. Ya zagaya baya inda aka zubar da ragowar bulo, ya ɗauki ɗaya ya murza gefensa da babban yatsa, sai yashi ya dinga zuba kamar gari. Ya ɗaga kai ya dubi rufin ya ce a kawo tsani. Da ya hau sai ya tarar katakon rufin an aza shi ne kawai a kan bango, ba a ɗaure shi da komai ba. Ya ƙi sa hannu. An yi ta roƙo, an kawo maganar zumunci da ta siyasa, bai sa ba sai da aka ɗaure rufin aka sake wani sashe na bangon. Duk binciken bai ɗauke shi rabin sa'a ba, amma shekarun karatu da na aiki ne suka nuna masa inda zai duba.

Abin da mai duba gini yake dubawa

A nan za mu ɗan tsawaita, domin ko wanda ba zai yi karatun ba zai amfana da sanin waɗannan abubuwa, musamman 'yan kwamitin makaranta da na masallaci.

Duba gini ba a ƙarshe ake yinsa ba, mataki-mataki ake yi, kuma kowane mataki ana duba shi ne kafin a rufe shi. Na farko shi ne lokacin da aka ja igiya aka fitar da gini a ƙasa, a ga ko ya shiga hanya ko magudanar ruwa ko filin maƙwabci. Na biyu shi ne ramin harsashi kafin a zuba komai a ciki, a ga zurfinsa da irin ƙasar da aka tarar. Na uku shi ne daɓen kankare na ƙasa, wanda magina ke kira jaman fulo, da ledar da ake shimfiɗawa domin hana danshi hawa bango. Gidan da ka ga fentinsa yana ɓarewa daga ƙasa, gishiri yana fitowa, a wannan mataki aka yi masa ƙwange.

Sai kayan aiki. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma a jikinsa akan rubuta ƙarfinsa, 32.5 ko 42.5. Simintin da ya daɗe a sito har ya fara dunƙulewa ya rasa ƙarfi, shi ya sa ake jera shi a kan katako nesa da bango. Yashi kuwa akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi: a zuba shi a kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza a ajiye. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a samansa, in lakar ta yi kauri to yashin bai dace da kankare ba. Haɗin da aka fi amfani da shi a ƙananan gine-gine shi ne 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Da yake buhu ɗaya kusan kwanon sarki biyu ne, buhu guda yana tafiya da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Wanda ya tsaya ya ƙirga kwanukan da leburori ke juyewa zai san gaskiyar aikin ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ruwa shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma ta fuska biyu. Wajen kwaɓi leburori sun fi son kankare mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin ɗauka da zubawa, alhali yawan ruwa yana rage ƙarfinsa. Ana gwada wannan da wani mazurari na ƙarfe mai tsawon santimita 30: a cika shi da kankare, a zare, a auna yadda ya zauna. Bayan an zuba kuma sai a yi akasin haka, a bar shi ya bushe a rana. Siminti ba bushewa ce take ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce. Saboda haka kankare da bulo suna bukatar ban ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsu. A manyan ayyuka akan ɗebi kankaren a zuba a 'yan akwatuna masu faɗin santimita 15, a kai ɗakin gwaji a matse su da inji har su fashe. A zafin bazara da iskar hunturu irin namu, bulon da aka buga yau aka sayar jibi bai ga ruwan da ya ishe shi ba.

Rodi ana duba kaurinsa da ma'auni, domin akan kawo wanda bai kai milimita 12 ba a ce 12 ne. Ana ƙirga yawansa a kowane ginshiƙi da linta, ana duba tazarar zobbansa, ana kuma tabbatar da an sa 'yan gutsattsarin kankaren nan da ma'aikata ke kira biskit a ƙarƙashinsa, domin kada ya taɓa katako ya fito fili ya yi tsatsa. Katakon da ke tallafe da dakin kuwa a al'adar aiki a ƙasar nan kwana 21 ake barinsa, ko da mai katakon yana jira zai kai wani wuri.

Na ƙarshe shi ne rufi. Duk farkon damina muna jin labarin iska ta yaye kwanon makarantu, a ce ikon Allah ne. Ikon Allah ne, amma sau da yawa in aka duba akan tarar ba a ɗaure katakon rufin da bango ba, ko an rage ƙusa, ko ba a shafa wa katakon maganin gara ba.

Masanin gini na kirki ba ya raina ginin ƙasa, tun da shi ne gidan mafi yawan mutanenmu. Shawararsa a nan mai araha ce: a ɗaga gindin bango sama da inda ruwa ke kwanciya, a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, a gyara indararo yadda zai jefa ruwa nesa da bango, a buɗe magudanar da ke bayan gida. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana aiki a kan bulon jar ƙasa da ake haɗawa da ɗan siminti a matse da inji, wanda ya fi tubali jure ruwa kuma bai kai bulon siminti cin kuɗi ba.

Hanyar karatu

Hanyar tana farawa ne daga aji ɗaya na babbar sakandare, kuma a nan yaranmu da yawa suke rasa ta ba tare da sun sani ba. Wanda bai shiga ajin kimiyya ba ƙofar digirin gini ta rufe masa. Jami'o'i suna neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, waɗanda suka haɗa da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, da ɗaya daga irin su zanen fasaha, labarin ƙasa ko tattalin arziki. A jarrabawar JAMB yawanci Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri ake rubutawa. Akwai ɗan bambanci tsakanin jami'a da jami'a, saboda haka a karanta littafin jagora na JAMB na shekarar kafin a cika fom.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, tana da Sashen Gini a Tsangayar Tsara Muhalli. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ma tana koyar da shi, kuma ga mutumin Gwaram da ke iyaka da Jihar Bauchi wannan ba nesa ba ne. Haka Jami'ar Jos, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola. A kudancin ƙasar akwai ta Legas da ta Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Kowace makaranta ɗalibi zai zaɓa, ya fara tabbatar da cewa hukumar kula da jami'o'i da CORBON sun amince da kwas ɗin nata, domin shaidar da ba su amince da ita ba tana ba da wahala ranar neman rajista.

Karatun shekara biyar ne. Shekarar farko ta kimiyyar tushe ce. Daga ta biyu ake shiga ainihin fannin: kayan gini da halayensu, dabarun gini, zane da karanta zane, lissafin ƙarfin gini, auna fili, nazarin ƙasa, aikin famfo da wayarin, ƙiyasin kuɗi, dokar kwangila, tafiyar da ma'aikata da injuna, da gyaran tsofaffin gine-gine. Yanzu zane da jadawalin aiki da kwamfuta ake yinsu, don haka yaron da ya saba da ita tun daga gida ya rage wa kansa wahala. A shekara ta huɗu akan tura ɗalibi wata shida wurin aiki na gaske, ƙarƙashin shirin koyon aiki da Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, yake kula da shi. Muna ba da shawara kada a nemi ofis mai fanka a wannan lokaci. A nemi inda ake zuba kankare.

Hanya ta biyu ita ce ta kwalejin kimiyya da fasaha, irin su Kaduna Polytechnic: ƙaramar difloma shekara biyu, shekara ɗaya ta aiki, babbar difloma shekara biyu. Mu da muka bi wannan hanya a namu fannin mun san ribarta da ciwonta. Ribarta ita ce bayan shekara biyu yaro yana da takardar da zai fara aiki da ita, kuma hannunsa ya fi sabawa da aiki. Ciwonta shi ne hanyar rajista da ta ƙarin girma ta fi tsawo, sau da yawa sai an ƙara da difloma ta gaba da digiri. Mai ƙaramar difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, haka ma wanda ya yi IJMB.

Wanda kuma yake magini ko kafinta ko mai ɗaurin rodi tun tuni, bai yi boko mai zurfi ba, shi ma akwai tasa ƙofar. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, kuma hukumar kula da ilmin fasaha, NBTE, tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa wanda ke la'akari da abin da mutum ya riga ya iya. Irin wannan takarda ita ce kan raba lebura da foman a manyan kamfanoni.

Babu abin da ya hana 'ya mace wannan karatu. Akwai mata masu rajista a fannin, kuma ba ɗaukar bulo ake nema a wurinta ba, ido da lissafi ne.

Rajista da wuraren aiki

Digiri kaɗai ba ya mai da mutum masanin gini a idon doka. Bayan hidimar ƙasa sai ya yi wasu shekaru yana aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya yi rajista, ya rubuta jarrabawar NIOB, sa'an nan CORBON ta tantance shi ta ba shi lamba da hatimi. Majalisar tana da ikon hukunta wanda aka samu da sakaci, har ta soke rajistarsa.

A aikin gwamnati mai digiri ko babbar difloma yana farawa ne daga mataki na 08, mai ƙaramar difloma daga na 06. Wuraren da ake bukatarsa a jiharmu sun haɗa da sashen ayyuka na kowace daga ƙananan hukumomi 27, da ma'aikatun ayyuka da gidaje, da hukumar ilmin bai-ɗaya, da hukumar raya birane, da hukumar raya babban birnin Dutse, da hukumar tantance kwangila da sa ido kan ayyuka. Manyan makarantu da asibitoci, irin su Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, kowace tana da sashen ayyuka da gyare-gyare. A waje da gwamnati akwai kamfanonin gini, bankuna da kamfanonin inshora masu bukatar a duba musu gini, da ƙungiyoyin agaji masu gina rijiyoyi da azuzuwa. Wasu kan buɗe gidan bulo ko kamfanin kansu. Ba za mu ɓoye cewa farkon aikin da wuya ba: rana, ƙura, zama nesa da gida, da albashin da ba ya burge kowa. Kuma akwai jarrabawar da ba a rubutawa a aji, ranar da za a tura wa mutum ambulan domin ya sa hannu a kan abin da bai duba ba.

Ga jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin al'umma

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk yadda aka aiwatar da hukuncin, nauyin ingancin abin da ƙaramar hukuma ta gina a wuyan jami'anta yake. Ɗan kwangila ba a biyansa sai da takardar shaida cewa ya kai wani mataki, kuma a al'adar kwangilar gwamnati akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har wata shida bayan kammalawa, domin in aibi ya fito ya dawo ya gyara. Wannan wata shida ya kamata ya haɗa da damina in da hali, domin ruwa ne ke tona asirin gini. Kada a saki kuɗin riƙon sai an koma an duba.

Kafin a fara kowane aiki, kansila da dagaci da shugaban makaranta suna da damar tambayar abu uku cikin ladabi: ina zanen, wane ne mai kula da aikin a wurin kullum, kuma mece ce lambar rajistarsa. Ya kyautu a ajiye littafi a wurin aikin inda duk wanda ya zo dubawa zai rubuta rana da abin da ya gani, a kuma ɗauki hoton rodi da waya kafin a zuba kankare.

Game da kuɗin karatu, akwai Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Jigawa, akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na tarayya, NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024 domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Rajistar JAMB yawanci a watannin farko na shekara ake yinta, kuma tun 2021 ba a yinta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. A tabbatar suna da ranar haihuwa da ke kan NIN sun yi daidai da na takardun makaranta, a kuma karɓi takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma a sakatariyar Gwaram ko ta Birnin Kudu tun kafin a buɗe rajista.